Daren da Anga ta Ja a Kor Shinab

Mu Hausawan Bur Sudan a bakin teku aka haife mu, amma ƙeya muka ba shi. Iyayenmu dako suke yi a tashar jiragen ruwa, wasu ɗinki, wasu sayar da ruwa a kan jaki, wasu kuma gashin agashe da yamma. Ba ka jin Bahaushe ya shiga jirgi sai in Jidda ya nufa. Kakata ta wajen uwa da ƙafa ta taso daga ƙasar Haɗeja tana yarinya, suka yi shekaru a hanya, suka tsinci auduga a Jazira har kuɗin ƙetarawa suka taru, sannan aka zuba su cikin jirgin sambuk da tsakar dare a wani lungu kusa da Sawakin. Duk abin da take faɗa game da wannan ƙetarawar kalma biyu ne: ƙishirwa da amai. Ta rasu ba ta yarda ko ɗayanmu ya koyi iyo ba.

To a ƙarshen shekarun 1990 ni yaron gareji ne, gashin baki bai gama fito mini ba. Wani ɗan Italiya mai jirgin iska, cikin masu kai Turawa nutso a Sanganeb da Sha'ab Rumi, inda Cousteau ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963, ya rasa yaron injinsa. Maigidana ya aike ni in gyara masa abin cajin batir, na gyara, shi ke nan ɗan Italiyan ya riƙe ni. Lokacin ba shi da baƙi, yana so ya bi gaɓa ya yi arewa har Kor Shinab, ya ga wuraren da zai iya kwana da jirgi in baƙi sun zo. Mu uku ne: shi, muna ce masa Kaftin, da rayyis, wato shugaban matuƙa, wani tsoho Babeje ɗan ƙabilar Amarar da nake kira Baba, sai ni. Da na gaya wa mahaifiyata, ba ta ce kada in je ba. Ta dai juya ta ci gaba da tankaɗe, kuma ba ta sake duban fuskata ba har na fita.

Muna fita daga tasha da asuba Kaftin ya nuna mini gefen dama, wajen duwatsun Wingate, ya ce nan ƙasa Umbria take kwance, jirgin ƙasarsu da ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a watan Yunin 1940 don kada Ingilishi su ƙwace bama-baman da ke ciki, kuma bama-baman suna nan har yau. Da murmushi ya faɗa. Ni kuwa na ƙanƙame igiyar gefe, na shiga karanta addu'ar shiga jirgi ta Annabi Nuhu, kafin hantsi kuma na amayar da duk abin da ke cikina.

Sai na bayyana yadda gaɓar take, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. Babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya, shi ya sa ruwan ya fi na yawancin tekuna gishiri, kuma garau yake. Duwatsun murjani sun bi bakin gaɓa kamar an ja layi, wasu kuma sun yi jeri can waje, tsakaninsu akwai hanya. Da ka bar dutsen da tsawon jirgi biyu, zurfi ya wuce abin da kowace sarƙa za ta taɓo. Don haka ba a yada zango inda aka ga dama. Sai a marsa, wato wurin da tsohon kwari ya tsaga murjanin ya shiga cikin hamada: Fijab, Arakiyai, Salak, Inkeifal, kowace da ƙofarta siririya. A kan wannan duka ga iskar arewa, wadda take kaɗawa yawancin shekara, daidai ta inda muka dosa. Da asuba takan yi laushi, hantsi na yi ta miƙe, kafin azahar taguwar ruwa gajeru masu tsini sun fara dukan goshin jirgi har haƙoranka su haɗu.

Saboda haka rayuwarmu ta zama ta sammako. A ɗaga anga da ɗan hasken farko, a yi ta fafatawa da iska, a shiga marsa rana tana sama ko tana bayanka. In ka makara har ta karkata yamma, ka fuskance ta, ruwan ya koma azurfa, ba ka ganin komai a cikinsa. Kaftin yana da na'urar GPS da ta auna zurfi, ni kuma a lokacin na ɗauka ilmin tafiyar duk a cikinsu yake. Taswirar kuwa tushenta awon da Ingilishi suka yi ne tun ƙarni na 19, har akwai ranar da na'urar ta nuna muna kan tudu alhali muna tsakiyar ruwa. Abin da yake shigar da mu idon Baba ne. Yakan naɗe zanensa ya hau jigon jirgi har wajen ƙarfen gicciye, tsoho mai furfura, ya zauna can yana nuni da hannu. Shuɗi mai duhu, wuce. Kore, yashi ne, ruwa ya fara ƙaranci. Ruwan ƙasa-ƙasa ko ɗorawa, dutse ne, kauce. Ya ce mini, “Ɗan Takari, ka koyi launi kafin ka koyi lamba.”

Gaskiya haushinsa nake ji a kwanakin farko, kuma wajen sakin anga ne haushin ya fi yawa, don ni ne mai jan sarƙa. Mun shigo a gajiye, gishiri ya bushe a fuska, ciki ba komai, sai ya sa a yi ta zagaye cikin marsa yana leƙen ƙasa. Farin yashi yake nema, fili, ba kan murjani ba. In ya samu, a tsai da jirgi goshinsa na fuskantar iska, a sauke anga a hankali har ta taɓa, sannan a riƙa sakin sarƙa jirgi na ja da baya, kada ta taru a kanta. Ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin, in ana tsammanin iska a ƙara. Mun shafa wa sarƙar fenti duk bayan mita 10 don ƙirga. Sai Kaftin ya sa inji baya, sarƙa ta miƙe, Baba ya ɗora tafin ƙafarsa a kanta. In ta yi shiru ta yi tauri, anga ta ci. In tana ɓari tana gurnani, jan ƙasa take. Ya ɗaga kai kawai ya ce, “Ɗauko ta.” In sake jawowa, bayana kamar zai tsage. Bayan an gama kuma ba ya zama sai ya daidaita abu biyu a tudu, wata bishiya da ƙoƙon wani tsauni, ya riƙe su a ransa, ya sake zaɓen wasu da za a iya gani da dare. Ban san amfanin wannan ba. Na ɗauka tsufa ne da son wahalar da yaro.

Kusa da Inkeifal inji ya canza murya. Duk mai aikin injin jirgi ya san sautin: ruwan teku ne yake sanyaya shi, ya fita tare da hayaƙi yana fal-fal-fal, to sai na ji ya koma busasshen tari. Na yi tsalle na kashe. Leda ce ta toshe mashigar ruwa, robar famfo ta juya a bushe ta ƙone. Ga iska ta tashi, ga dutse hagu da dama, ga ba inji. Baba bai ko ɗaga murya ba. Ƙofofin marsa gabas suke kallo, iskar arewa tana zuwa ta gefe, don haka ya sa aka rage babban ƙyalle aka bar na gaba, ya shigar da mu da iska kaɗai, murjani yana wucewa kusa har ina ganin kifaye a kansa. A ciki ya juya goshi, ƙyalle ya yi ta faɗa-faɗa, anga ta sauka.

A nan na yi gyaran da har yau ina iya jin warinsa. Ɗakin inji rami ne, sai ka kwanta a kan haƙarƙari, kai a ƙasa, zufa na shiga ido, warin dizal da tsohon ruwa na tasowa. Na buɗe murfin famfon, robar ta fito a gutsuttsure. Ta ajiya da muke da ita tsohuwa ce, ta yi tauri, na jiƙa ta a ruwan zafi na shafe ta da sabulu kafin ta shiga. Murfin tagullar ya cinye ta ciki, na juya shi bayansa ya koma ciki. Ba mu da gasket, Kaftin ya yanko mini kusurwar taswira, wajen da babu komai sai hamada, na ɗora na bubbuga da ƙaramar guduma har siffar ta fito, na shafa giris. Abin da ya rage shi ne fuka-fukan tsohuwar robar. Shida ne, dole a nemo su duka, don wanda ya ɓace bututun sanyaya inji yake tafiya ya toshe. Na samo biyar. Na kwance tiyo, na hura, na zura waya, na shida ya ƙi fitowa. Na jera biyar ɗin a tafin hannu na nuna wa Kaftin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in tayar. Ruwa ya fito. Muka bar maganar a nan, amma ni ban bar ta ba, da ita nake kwana.

Ƙyallen gaba ma ya ɓarke a ɗinki a shigar nan, rana ta cinye zaren. Wannan aikin ne kaɗai ban jira a koya mini ba. Mahaifina tela ne, tun ina ƙarami nake zura masa allura. Na zauna a goshin jirgi da babbar allura mai baki uku, da zare da aka ja cikin kakin zuma, da fatar da ake sawa a tafin hannu don turawa, ina bin tsofaffin ramuka ɗaya bayan ɗaya don kada in ƙara huda ƙyallen. Baba ya tsuguna ya ja ɗinkin da yatsa biyu. “Wa ya koya maka?” Na ce, “Babana.” Ya ce, “Allah Ya yi masa albarka.” Daga ranar “ɗana” yake ce mini.

Mun wuce Muhammad Ƙol, tsaunin Erba yana tsaye a bayansa, muka bar tsibirin Mukawwar, muka zagaya Ras Abu Shagara da ƙyar. Yankin Dungunab ɗin nan shi ne UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya tare da Sanganeb a 2016, kuma da na ji labarin ban yi mamaki ba, don na ga kunkurun teku, na ga manyan kifayen nan masu fuka-fuki suna juyi a ƙarƙashinmu faɗinsu ya fi tabarma. Kor Shinab kuwa doguwar hanya ce mai lanƙwasa, ta shiga cikin hamada sosai, tsaunuka ja da baƙi kewaye da ita, ba gida ba bishiyar kirki. Muna shiga iska ta rufe ƙofa a bayanmu.

Zaman jira ya fi tafiya tsawo, wannan ne abin da ba wanda ya gaya mini. Iska na kuka a wayoyin jigo dare da rana. Ƙura ja tana shiga shinkafa, tana shiga haƙori. Ruwan sha da awo: kofi ɗaya na wanke baki da fuska, kwanuka da ruwan teku, wanka da ruwan teku, alwala ma da shi. Mukan goge tsatsa, mu matse kusoshi, mu duba inda igiya ke gogar ƙarfe mu naɗa mata tsumma. Da la'asar Baba ya soya bunnu, wato 'ya'yan gahawa, a gwangwani, ya daka da citta, ya dafa jabana. Wata rana masunta biyu suka zo a huri, ɗan kwalekwalen da bai fi ya ɗauki mutum biyu ba, leɓunansu sun tsattsage. Suka miƙo kifin najil ja manya guda biyu. Kaftin ya ciro kuɗi, suka girgiza kai, suka ɗaga jarka. Ni da nake lissafin tankinmu sai na ji raina bai so ba. Baba ya karɓi jarkar ya cika ta har baki, ya ƙara musu sukari, bai tambayi kowa ba. Ni ɗan birni ne mai sayen ruwa a kan jaki, na ɗauka na san tsadarsa. Ban san akwai inda kuɗi ba sa sayensa ba.

Daga Shinab Makka gabas take sak. Jirgi a kan anga yana lilo, ka kabbarta kana fuskantar alƙibla, kafin ruku'u ta koma kafaɗarka. Na tambayi Baba, ya ce in yi niyya in ci gaba. A nan, ina kallon gabas da yamma, na fara tunanin kakata a cikin sambuk, yarinya, ba inji, ba tanki, ba wanda take jin harshensa cikin matuƙan.

A daren da nake son ba da labari, iska ta ƙaru bayan isha. Ba kaɗawa ɗaya take ba, faɗowa take daga tsaunuka: shiru, sannan ka ji ta tana tahowa, sannan ta buge jirgi ya kwanta gefe. Ina kwance a goshi, kaina kusa da ramin sarƙa, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Igiyar da muke ɗaura wa sarƙa don ta sha fizga ce ta tsinke. Bayanta sai gurnani, dogo, yana bi ta ƙashin jirgi yana shiga ƙashina. Na san sautin. Na sha jin sa ta ƙafar Baba.

Na fito na same shi tsaye. Ba wata, sai taurari da ƙura ta dusashe. Yana duban baƙin ƙoƙon tsauni da wani tauraro, kuma a take na gane abin da yake yi duk yammacin duniya. Ya ce, “Muna tafiya. Ta da Kaftin. Ta da inji.” Bayanmu akwai dutse, na gan shi da rana, ruwan ɗorawa, yanzu kuma ina jin sa, ruwa na tafasa a kansa.

Cikina ya ɗuri ruwa. Na ce, “Baba, mu fita mana!” Ya kama kafaɗata da hannu ɗaya. “Ta ina, ɗana? Hanyar da muka shigo da rana ina bisa jigo? Je ka wajen injinka.”

Kaftin ya kama sitiyari. Suka tura jirgi gaba a hankali, suka karkata dama, Baba ya saki anga ta biyu, suka ja baya har igiyarta ta ɗauka. Ba su amince da ita ba. Shawarar da suka yanke ita ce inji ya kwana yana turawa gaba kaɗan-kaɗan, a ƙara masa wuta in iska ta faɗo, a rage in ta wuce, don a sauƙaƙa wa angogin nauyi har gari ya waye. Ma'ana jirgin da mu uku mun rataya a kan tsohuwar roba, da kusurwar taswira, da fiffike ɗaya da ban gano inda yake ba.

Na kwanta a ramin nan da tocila a baki. Hannuna ɗaya a kan murfin famfo: muddin yana da sanyi, ruwa na wucewa. In ɗan jima in rarrafa baya in leƙa mafitar hayaƙi, in ga ruwa na fita, in dawo. Allurar zafi ta hau sama da inda ta saba, ta tsaya. Na zuba mata ido har ta riƙa rabuwa biyu. Ban iya iyo ba. Na yi ta lissafin nisan dutse da tudu, da yadda murjani ke yanka nama, da wanda zai je ya gaya wa mahaifiyata, da yaren da zai gaya mata. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Can sama ina jin Baba yana kira, “Ƙara!” sai inji ya yi ruri a kunnena, “Rage!” sai ya lafa. Wani lokaci cikin dare na ji ina kuka, ban san sanda na fara ba, hannuna dai bai bar murfin ba.

Kafin alfijir tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ta fara tsawo. Da haske ya fito na hau sama, ƙafafuna ba sa ɗaukata. Dutsen yana bayanmu, jifa ɗaya da ɗan ƙari. Da muka jawo babbar anga, sai ga guntun mataccen murjani ya cika bakinta, shi ya hana ta sake cin ƙasa bayan fizgar ta tumɓuke ta. Muka koma wani fili muka sake saki, kuma wannan karon da Baba ya ce a ɗauko a sake, ban ji komai a raina ba.

Ya zauna yin jabana. A nan na ga hannunsa yana rawa, har bunnun na zuba gefe. Duk daren na jingina da cewa shi ba ya tsoro, da wannan na riƙe kaina. Ya ga ina kallo bai ɓoye ba. Ya ce ƙanensa a irin wannan dare ya tafi, a wata marsa ta kudu, da sambuk da mutanen ciki. Ya miƙo mini finjali na farko, wanda a kullum Kaftin yake ba.

Da iska ta faɗi muka juya kudu, tana bayanmu. Hanyar da ta ci mana makonni muka cinye ta cikin 'yan kwanaki, ƙyallen da na ɗinka a buɗe, inji a kashe, marsa na wucewa ɗaya bayan ɗaya Baba yana kiran sunayensu. A Bur Sudan, kafin in je gida, na kwance bututun sanyaya inji gaba ɗaya na fito da shi kan dakali. Fiffike na shida yana can a mashiga, ya kwanta a gicciye, ya rufe kusan rabin ramukan. Na kai wa Kaftin. Ya juya shi a hannu, ya shiga ciki ya ɗauko takarda, ya rubuta wa wani baƙo da zai taso daga Milano ya zo mana da sababbin robobi da gasket, ni kuma ya ba ni murfin famfon in kai wa mai injin gyaran ƙarfe a kasuwa ya daidaita fuskarsa.